Sarkin Kano Muhammadu Rumfa

A darasin tarihi mun sha jin labarin birnin Roma da tsofaffin gine-ginensa, har wasunmu suna zaton sai an ƙetare teku ake ganin aikin mutanen da. Alhali daga nan Dawanau, wanda ya hau mota ya bi hanyar Katsina zuwa Kano, ba zai daɗe ba zai isa birnin da ganuwarsa ta haura shekara 800. Cikin ƙofofinta ma akwai mai sunan garinmu, wato Ƙofar Dawanau. Sarkin da ya fi kowa barin alama a birnin nan shi ne Muhammadu Rumfa.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya sa shi na 20 a jerin sarakuna tun daga Bagauda. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ke nan yana kan gado lokacin da Kolombus ya isa Amurka a 1492.

Ba shi ya fara ganuwa ba. Sarki Gijimasu ne ya soma ta tun ƙarni na 12. Abin da Rumfa ya yi shi ne ya faɗaɗa ta wajen kudu, ya shigo da sabon fili cikin birni, a nan ya gina fada. Ita ce Gidan Rumfa, kuma har yau ita ce fadar Kano. Fulani sun ci Kano a zamanin jihadi, Turawa sun ci ta a 1903, duk da haka gidan bai sake suna ba. Duk wanda ya taɓa taya mahaifinsa yaɓe kafin damina ya san irin kulawar da ginin ƙasa yake bukata. To, a ce gida ya yi shekara 500 ana zaune cikinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, shi ma ana danganta shi da zamaninsa.

Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Fatake suna zuwa da raƙuma ta hamada, suna kawo gishiri da tufafi da littattafai, su koma da fatu da baƙin rini na Kano. An sayar da bayi ma a kasuwar, wannan kuwa tabo ne da bai kamata mu ɓoye ba. Mu da muke ganin manyan motoci suna lodin hatsi da riɗi a kasuwar Dawanau, mun san yadda kasuwa take raya gari.

Wajen 1492 wani malami daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, Shehu Magili, ya sauka a Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarki, kamar sauraron talakawa, da yin shari'a ba son kai, da tsare dukiyar jama'a. A wannan zamani aka sare wata babbar itaciya da mutanen gargajiya suke girmamawa, aka gina masallaci a wurin. Ga Musulmin Kano wannan babbar nasara ce. Amma ga Maguzawa, waɗanda wasu cikin ikilisiyoyinmu jikokinsu ne, daga nan fada ta ƙara nisa da addinin kakanninsu. Duk da haka da hannun manoman karkara aka kwaɓa ƙasar ganuwar nan, saboda haka ba mu ga dalilin da ɗan makarantar mishan zai ɗauke ta kamar kayan wasu ba.

Rumfa mai son ƙawa ne. An ce shi ya fara kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage, abubuwan da muke kallo a hawan salla. Ya kafa majalisar manya tara da ake kira Tara ta Kano. Ya ba babanni muƙamai a fada, shi ne kuma ya fara kulle, al'adar da mata da yawa ba za su gode masa a kanta ba. Wajen yaƙi bai yi wani abin kirki ba: shekara 11 yana fafatawa da Katsina, ba wanda ya ci wani.

Ganuwar da ya faɗaɗa ta zube a wurare da dama. Ruwan sama ya ci wani sashe, masu ɗibar ƙasa da masu gina gidaje sun ci wani, an kuma rushe wasu ƙofofi an sake su da siminti don faɗaɗa titi.

Ya rasu a 1499. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi, mahaifiyar Abdullahi kuwa, Madaki Auwa, ta zama mace mai ƙarfin faɗa a ji a fadar Kano har zamanin jikanta Muhammadu Kisoki.