Marigayiya Ladi Kwali, Maginiyar da Ke Bayan Naira Ashirin

Da yawa daga cikinmu a nan Kagarko mun sha miƙa takardar Naira 20 a kasuwa ba mu taɓa tsayawa mun dubi matar da ke zaune a bayanta tana ginin tukunya ba. To, Ladi Kwali ke nan, kuma ba daga nesa ta fito ba. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, waɗanda muka saba kira Gwari, dangin maƙwabtanmu da iyayenmu mata suka daɗe suna sayen randa da tulu a hannunsu.

An haife ta a garin Kwali wajen 1925. Tun tana ƙarama ta koyi sana'ar a gida wajen wata 'yar'uwar iyayenta: a murza yumɓu, a ɗora shi zagaye-zagaye, mai ginin ce ke kewaya tukunyar. Sannan ta zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikinta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, jinin sarakunan Zazzau na Haɓe da suka yo kudu, ya tara randunanta a fada. A nan ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su, mutumin da ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko.

A can ta tarar da abin da babu shi a gida, wato shafen ƙyalli irin na tangaran. Garin dutse ne da toka da yumɓu ake damawa da ruwa. Ita kuwa sai ta cike zanenta da farar ƙasa, a shafe randar, a sa ta a ɗakin gashi a yi ta zuba itace har zafi ya haura digiri 1,200. Shafen ya narke ya koma kamar gilas, ƙadangarun suna leƙowa ta ƙarƙashinsa. Wurin hucewa ne ake taka-tsantsan, domin in shafen ya fi jikin tukunyar tsukewa sai ya yi tsage siri-siri kamar saƙar gizo. Wasu magina na ɗaukar wannan aibi ne, amma maginan ƙasar Sin na zamanin daular Song da gangan suke nemansa don ado.

Sai dai fa akwai abin da aka rasa. Randar gargajiya tana tsatsafo, shi ya sa ruwanta ke sanyi ko da bazara. Wadda aka shafe ta toshe, ga nauyi, ba ta sanyaya ruwa. Randar Ladi ta tashi daga gindin inuwa ta koma ɗakunan baje koli; mu a ganinmu duniya ta samu abin kallo, uwargida kuwa ta ci gaba da sayen tata a kasuwa.

An nuna aikinta a Landan a 1958, 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ta sami lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, alhali ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Makarantar Suleja ta ɗauki sunanta, hotonta kuma ya hau Naira 20 a 2007.