KYAFTIN CLAPPERTON, MANZON SARKIN INGILA ZUWA SAKKWATO

A wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin wani Bature wanda ya ratsa ƙasarmu tun kakannin kakanninmu suna yara. Sunansa Hugh Clapperton, amma a ƙasar Hausa an san shi da suna Abdullahi. Shi ne Bature na fari da ya kai saƙo tsakanin Sarkin Ingila da Sarkin Musulmi. Mu da mu ke zaune a Yasore, wajen Batsari da Safana, labarin nan ya shafe mu, gama hanyar Zurmi zuwa Katsina wadda ya bi a shekara ta 1824 ba ta da nisa da mu.

A zamanin nan, yawancin waɗanda Ingila ta kan aika jakadanci wurin sarakunan duniya 'ya'yan manya ne, masu gādon sarauta da dukiya. Clapperton ba ya cikinsu. An haife shi ran 18 ga Mayu, 1788, a wani ƙaramin gari mai suna Annan, cikin ƙasar Sikotilan. Ubansa George likita ne, kakansa kuma likita ne. Uban ya yi aure sau biyu, ya haifi 'ya'ya 21. Mu da mu ka san gida mai yawan 'ya'ya mun san yadda tuwo ya kan yi a wurin. Hugh bai yi makaranta mai zurfi ba, sai dai ya koyi lissafi da ilmin tuƙin jirgin ruwa. Yana da shekara 13 aka sa shi yaron jirgi, cikin jiragen ciniki masu tafiya tsakanin Ingila da Amurka.

Daga baya aka kama shi tilas aka sa shi cikin sojan ruwa na Sarkin Ingila, gama haka a ke yi wa matuƙa a kwanakin yaƙi da Faransa. Ya fara daga ƙasa, ya yi ta hawa da ƙoƙarin kansa. A 1810 yana cikin waɗanda suka ƙwace tsibirin Moris daga hannun Faransawa. A 1814 aka aike shi Kanada, inda ya zama laftana, aka ba shi jirgi a kan manyan tafkuna na ƙasar. Da aka rage jiragen a 1817 sai ya komo gida da rabin albashi, ba aiki.

A 1820 ya sadu da wani likita, Walter Oudney, a birnin Edinbara. Gwamnatin Ingila tana shirin aika Oudney zuwa Barno, domin a san inda kogin Kwara ya nufa, a kuma buɗe hanyar ciniki. Clapperton ya yarda ya bi shi. Na ukunsu Manjo Dixon Denham ne. Suka tashi daga Tarabulus a 1822, suka ƙetare hamada, suka ga Tafkin Cadi, suka isa Kukawa wurin Shehu Laminu cikin Fabrairu 1823. A watan Disamba Clapperton da Oudney suka kama hanyar ƙasar Hausa. Oudney ya rasu kusa da Katagum cikin Janairu 1824. Clapperton ya binne abokinsa, ya ci gaba. Ya shiga Kano ran 20 ga Janairu, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta. Ran 16 ga Maris ya isa Sakkwato.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya karɓe shi da mutunci, Waziri Giɗaɗo kuwa ya zama mai masaukinsa. Bello babban malami ne. Ya yi wa baƙon tambayoyi a kan ɗarikun Kirista na zamanin dā, har Clapperton ya rasa amsa, ya faɗi gaskiya cewa shi bai yi zurfi cikin ilmin addini ba. Bello ya kuma fito da waɗansu littattafai na Denham waɗanda aka kwashe wurin wani yaƙi, ya mayar masa da su. Suka yi shawara a kan ciniki da kuma sayar da bayi zuwa bakin teku, abin da Ingila ta hana wa mutanenta tun 1807. Bello ya rubuta wa Sarki Joji na 4 takarda, ya nuna yardarsa ga zumunci, ya roƙa a aiko da wakili da likita. Amma bai bar baƙon ya wuce zuwa Yawuri da Nufe ba.

Clapperton ya bar Sakkwato cikin Mayu 1824. Ya biyo ta Zurmi ya shiga birnin Katsina zamanin Ummarun Dallaje. A lokacin nan ba zaman lafiya a hanyoyin yamma, domin Gobirawa da Katsinawan da suka ƙi bin Sakkwato suna kai hari, matafiya kuwa ba su tafiya sai cikin ayari da rakiya. Daga Katsina ya koma Kano da Kukawa, ya sāke ƙetare hamada, ya isa Ingila ran 1 ga Yuni, 1825, da takardar Bello a hannunsa.

Wani da ya sha irin wannan wahala, da ya zauna ya huta. Clapperton bai cika wata uku a gida ba. Aka ƙara masa girma, aka ba shi amsar Sarki da kyautai, ya shiga jirgi cikin Agusta 1825. Wannan karo ta bakin teku ya biyo. Ya tashi daga Badagiri cikin Disamba tare da Kyaftin Pearce da Likita Morrison da baransa Richard Lander, saurayi ɗan mai masaukin baƙi daga garin Truro. Akwai kuma wani Bahaushe, Abubakar, wanda Turawa su ke kira Pasko, ya taɓa aiki cikin jiragen Ingila, shi ne tafinta. Kafin wata ɗaya ya cika zazzaɓi ya kashe Pearce da Morrison. Sauran suka ratsa ƙasar Yarabawa da Bargu, suka ƙetare Kwara kusa da Busa, inda Mungo Park ya hallaka shekara 20 kafin nan, suka bi ta Nufe da Zariya, suka isa Kano cikin Yuli 1826.

Amma ƙasar da ya bari ba ita ya tarar ba. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno. Da fari Bello ya yi murna da zuwansa. Cikin kyautai akwai littattafai na Larabci: Sabon Alkawari, da Zabura, da Alkur'ani, da littafin likitanci na Ibn Sina, da littafin lissafi na Uklidis. Wannan na ƙarshe ya faranta masa rai ƙwarai, gama wanda su ke da shi a gidansu gobara ta cinye shi. Matsala ta fito ne da aka ji baƙon yana ɗauke da takarda da kyautai, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu, wanda rundunarsa ta nufo Kano. Bello ya ƙwace takardar da kayan, ya hana shi zuwa Barno. Ana kuma ta raɗe-raɗi a gari cewa haka Ingilishi suka shiga ƙasar Hindu, da fari kamar baƙi, daga baya suka ci ƙasar.

A nan ya kamata mu yi adalci ga dukansu biyu. A wurin Clapperton, saƙon ubangidansa amana ce, buɗe takardar wani kuwa cin mutuncin manzo ne. A wurin Bello, wane sarki ne za ya bari a kai wa abokin gābansa bindiga ta cikin ƙasarsa? Tsoron da a ke ji kuma ba na banza ba ne. Shekara 76 bayan wannan, a 1903, sojan Ingila suka ci Sakkwato. Clapperton bai zo da yaƙi ba, amma littattafansa suna cikin abin da ya nuna wa na baya hanya.

Baƙin ciki ya kama shi, ga kuma ciwon atuni. Ya kwanta wajen wata guda, Lander yana jinyarsa dare da rana, yana yi masa fifita, yana karanta masa Littafi Mai Tsarki. Ran 13 ga Afrilu, 1827, ya rasu, yana da shekara 38. Bai yi aure ba. Bello ya ba da izini aka kai gawarsa wani ƙauye kusa da Sakkwato. Lander shi kaɗai ya karanta addu'ar binnewa a bakin kabarin.

Saurayin nan, mai shekara 23, ba shi da kowa a ƙasar sai Pasko. Da ya ga dama da ya yar da kome ya tsira da ransa. Ya tattara takardun ubangidansa, ya sāke bin doguwar hanya zuwa Badagiri, ya isa Ingila a 1828. Aka buga littafin tafiyar a 1829. A 1830 Lander ya komo tare da ƙanensa John, suka bi Kwara cikin kwalekwale daga Busa har inda ta shiga teku. Tambayar da ta ci ran Park da Oudney da Clapperton, bara ne ya amsa ta.

Masu tarihin ƙasar Hausa har yanzu suna komawa ga abin da Clapperton ya rubuta a kan Kano da Katsina da Sakkwato, domin da idonsa ya gani. Mu kuwa iyaye masu yawan 'ya'ya, kada mu raina yaron da bai sami gādo ba, ko baran da ke ɗaukar kaya a bayan ubangidansa. Yaron jirgi ne ya zauna gaban Sarkin Musulmi a madadin Sarkin Ingila, ɗan mai masaukin baƙi ne kuma ya kai amanarsa gida.