Marie Curie: Baƙuwar da ta auna abin da ido ba ya gani, ta buɗe hanyar gashin sankara

Duk majinyacin da likita ya tura gashin cutar sankara, ransa ya rataya ne a kan awo. Idan tururin da inji ke fitarwa ya gaza, ciwon zai dawo. Idan ya wuce kima, zai ƙone lafiyayyen nama. Cikin waɗanda suka aza tubalin wannan awo akwai wata ƴar ci-rani da ta sauka birnin Paris a 1891 da guzurin da bai taka kara ya karya ba. Ita ce Marie Curie, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel, kuma har yau ita kaɗai ce ta same ta a fannonin kimiyya biyu daban-daban.

Daga Warso zuwa Paris

An haife ta ranar 7 ga Nuwamba 1867 a Warso, babban birnin Polan, lokacin birnin yana ƙarƙashin mulkin Rasha. Sunanta na asali Maria Sklodowska, auta cikin ƴaƴa biyar, iyayenta duka malaman makaranta. Tana da shekara goma tarin tibi ya kashe mahaifiyarta. Ta gama sakandare da lambar zinariya a 1883, amma jami'ar Warso ba ta ɗaukar mata.

Sai ita da yayarta Bronia suka ƙulla yarjejeniya irin wadda duk gidan da ke da ɗa a waje ya sani. Maria ta shiga aikin raino da koyarwa a gidajen masu hali, tana aika wa Bronia kuɗin karatun likitanci a Paris. Da Bronia ta tsaya da ƙafarta, ta jawo ƙanwarta. A jami'ar Sorbonne, Maria, wadda ta koma Marie, ta zauna wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin rufin bene, abincinta sau da yawa shayi da burodi. Duk da haka ta zo ta ɗaya a digirin kimiyyar fizik a 1893, ta ƙara da na lissafi a 1894. A 1895 ta auri masanin kimiyya Pierre Curie.

Na'urar da ta tona asirin dutse

A ƙarshen 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1896 Bafaranshe Henri Becquerel ya lura cewa yuraniyom na fitar da wani tururi da kansa, wanda ke baƙanta farantin hoto ko da an lulluɓe shi. Sai dai farantin hoto ba ya ba da adadi. Yana nuna akwai tururi, ba ya faɗin nawa ne.

Nan Marie ta sa hannu. Ta haɗa farantan ƙarfe biyu, ɗaya a saman ɗaya, ta barbaɗa garin dutsen da take gwadawa a kan na ƙasa. Tururin na sa iskar da ke tsakanin farantan ta iya ɗaukar lantarki, amma ɗan mitsitsin gaske. Don auna shi ta yi amfani da na'urar da Pierre da yayansa Jacques suka ƙera bayan sun gano a 1880 cewa dutsen kwaz na ba da lantarki idan aka matsa shi ko aka ja shi. Tana rataya nauyi a jikin kwaz ɗin har lantarkinsa ya yi daidai da na tururin, agogo a hannunta tana ƙirga daƙiƙoƙi. Ta haka tururin ya zama lamba da ake iya rubutawa a littafi.

Lambobin sun nuna cewa ƙarfin tururin yana bin yawan yuraniyom ne kawai, jiƙaƙƙe ne ko busasshe, ko da me aka gauraya shi. Ke nan daga cikin ƙwayar zarra yake fitowa. Sannan ta ga abin mamaki: baƙin dutsen feshbiland da ake ciro yuraniyom daga cikinsa ya ninka yuraniyom ɗin kansa ƙarfi kusan sau huɗu. Ruwa ba ya tsami banza, don haka ta yanke cewa akwai wani sinadari da ba a sani ba ɓoye a ciki. A Yulin 1898 ita da Pierre suka sanar da poloniyom, sunan da ta raɗa don tunawa da ƙasarta, a Disamba kuma radiyom.

Tabbatar da hakan ya ci musu shekara huɗu a wata tsohuwar rumfa mai yoyo, tana dafa tan-tan na ragowar dutsen tana damawa da sandar ƙarfe. A 1902 ta tace kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom. A 1903 aka ba ta Nobel ta fizik tare da Pierre da Becquerel. Ba su yi rajistar mallakar hanyar tacewar ba, suka bar ta ga kowa.

Daga ɗakin gwaji zuwa gadon asibiti

A 1901 Pierre ya ɗaura radiyom a hannunsa na tsawon awa goma, wurin ya ƙone, ya ɗauki makonni da dama kafin ya warke. Likitoci suka fahimci cewa abin da ke kashe nama zai iya kashe ƙari. A shekarar ce likita Henri Danlos na asibitin Saint-Louis a Paris ya fara gwada shi a kan cututtukan fata.

Ranar 19 ga Afrilu 1906 amalanken doki ya take Pierre a titin Paris, ya mutu nan take, ya bar ta da ƴaƴa mata biyu, Irène da Ève. Ta gaji kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a Sorbonne. A 1911 ta samu Nobel ta biyu a kimiyyar sinadarai, amma a shekarar ce majalisar masana kimiyya ta Faransa ta ƙi zaɓenta, wasu jaridu kuma suka yi mata ca kan alaƙarta da masani Paul Langevin, suna goranta mata cewa baƙuwa ce.

Duk da haka a 1911 ɗin ta shirya ma'aunin radiyom na duniya, kimanin miligiram 22 cikin ƴar kwalba da aka liƙe, wanda da shi ƙasashe suka riƙa gwada nasu a wancan zamani don asibiti ya san ƙarfin abin da yake sa wa majinyaci. A 1914 aka kammala Cibiyar Radiyom a Paris: ita ke riƙe da ɓangaren kimiyya, likita Claudius Regaud ke riƙe da na jinya. Binciken Regaud ya nuna cewa rarraba gashi cikin kwanaki ya fi kare lafiyayyen nama a kan yin sa gaba ɗaya, tsarin da ake bi har yanzu.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, ta haɗa motoci kusan 20 masu na'urar hoton ƙashi da wurare kusan 200 a asibitocin soja, don likita ya ga inda harsashi ya maƙale kafin ya sa wuƙa. Ta koyi tuƙi, ta horar da mata kusan 150, ƴarta Irène mai shekara 17 tana taya ta.

Abin da aikin ya ci

Shekarun da ta yi cikin tururi ba kariya sun ƙone mata yatsu, yana ta rufe mata idanu. Ta rasu ranar 4 ga Yuli 1934 tana da shekara 66, bayan ɓargonta ya daina samar da jini. Watanni kaɗan kafin nan Irène da mijinta Frédéric Joliot suka gano yadda ake ƙirƙirar sinadarai masu tururi a ɗakin gwaji. Irinsu ne yau ake yi wa majinyaci allura, na'ura ta bi sawun tururin daga waje ta nuna inda sankara ta yaɗu.

Labarin ya shafi Nijar kai tsaye. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ƙarfen da Marie ta fara awonta da shi, amma sai a 2021 aka fara gashin sankara a cibiyar yaƙi da cutar ta ƙasa da ke Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan mai hali ke fita waje neman magani, marar hali ya koma gida. Irin wannan inji kuwa ba ya aiki lafiya sai da ƙwararrun da ke auna tururinsa a kai a kai, da na'urorin da suka gaji farantan ƙarfen nan biyu.

A 1995 Faransa ta mayar da gawarta hubbaren Panthéon na manyan ƴan ƙasa, cikin akwati mai rufin dalma. Littattafan da ta rubuta awonta a ciki suna ajiye a ɗakin karatu na ƙasa a Paris, su ma cikin akwatunan dalma, domin radiyom ɗin da ya manne musu sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.