Sarkin Zazzau Muhammadu Makau

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun duk sun san sunan Abuja, amma kaɗan ne suka san sarkin da gudun hijirarsa ya zama asalin sunan.

Muhammadu Makau ɗan Sarki Isiyaku Jatau shi ne Sarkin Haɓe na ƙarshe a birnin Zariya. Yana bayan gari wajen sallar Idi sai mayaƙan jihadi na Malam Musa suka auka masa, suka tsare masa ƙofa. Bai sake shiga birnin ba.

Ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba, wadda da ma take bin Zazzau. Daga can ya yi ta fafatawa da Fulani. Bai yi mubaya'a ba, bai kuma ajiye sunan Sarkin Zazzau ba, har aka kashe shi a yaƙin Lapai cikin 1825.

Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari cikin 1828, aka kira garin da sunansa. Shi ne Suleja ta yau. Sunan Abuja kuwa ya koma kan babban birnin Tarayya, inda unguwanni irin su Utako suke.

Allah ya ji ƙan maza.