Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mujaddadin da ya ƙi kafirta mai saɓo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

An haifi Shehu Usmanu, Allah Ya ƙara masa yarda, a shekarar 1754 a Maratta ta ƙasar Gobir, kusa da Galmi a Jamhuriyar Nijar ta yau. Ya tashi a Ɗagel, ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, sannan ya bi malamai. Wanda ya fi yi masa tasiri cikinsu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas.

Malam Jibrilu mutum ne mai zafin kishin addini. Ɓarnar da ya gani a zamaninsa ta kai shi ga hukunta cewa mai aikata manyan zunubai ya fita Musulunci. Shehu ya girmama malaminsa iyakar girmamawa, ya yabe shi a rubuce, amma a wannan mas'ala bai bi shi ba. A cikin littafinsa Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya ya bayyana cewa Ahlus Sunna ba su kafirta Musulmi saboda saɓo. Haka kuma ya yi raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na malamai ba.

Ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, a 1774. Ya zagaya Kabi da Zamfara, yana karantar da mutane alwala da salla da hukuncin ciniki cikin Fulatanci da Hausa. Mata ma suna halartar majalisinsa, ya kuma tsawata wa malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai amsawa, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince.

Duk wannan aiki bisa tarbiyyar Ƙadiriyya ya ginu. Da ya cika shekara 40, ya ga Manzon Allah (SAW) tare da Sidi Abdulƙadir Jilani, aka rataya masa takobin gaskiya. Duk da haka sai da ya ƙara shekara 10 yana wa'azi da haƙuri. Nafata ya hana rawani da lulluɓi, Yunfa ya tsananta wa jama'a, aka kai hari Gimbana, sannan Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Aka yi masa mubaya'a, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin wannan shekara, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Da nasara ta samu, sai ya bar tafiyar da mulki ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya zauna a Sifawa yana karantarwa da wallafa littattafai, yana gargaɗin jama'arsa kan son duniya da ya fara shigar wasunsu. Ya koma Sakkwato, a nan Allah Ya karɓi abinsa a 1817. Har yau masu ziyara daga Nijeriya da Nijar ba su yanke wa Hubbarensa ba.

Mutanen Filinge da ƙasar Kurfai, da maƙwabtansu na Abala da Banibangu, sun ga abin da kafirta Musulmi ke haifarwa: ana kashe masu salla, ana kwashe shanu da sunan zakka. Wanda duk ya ɗauki makami yana jingina kansa ga jihadin Shehu, sai a tambaye shi shekara nawa ya yi gaban malamai, mutum nawa ya koya wa alwala, kuma wace hujja gare shi ta halatta jinin mai kalmar shahada. Shehu ya yi shekara 30 yana karantarwa kafin ya yarda a ɗaga tuta.

Allah Ya jaddada rahama a gare shi, Ya amfanar da al'umma da albarkarsa, Ya sauko da zaman lafiya a Tilaberi da sauran ƙasashen Musulmi, don alfarmar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.