Tarihin Alan Hodgkin, Masanin Jijiyar Dabbar Teku

Idan muka taka ƙaya a hanyar makaranta, ƙafa takan ɗaga kafin ma mu ce wash. Saƙo ne ya bi ta jijiya da gudu. A wannan makon mun kawo muku tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka gano yadda saƙon nan yake tafiya.

An haifi Alan Hodgkin a garin Banbury na ƙasar Ingila ranar 5 ga Fabrairu, 1914. Yana da shekara huɗu mahaifinsa ya rasu a Bagadaza, don haka ya tashi maraya a hannun mahaifiyarsa. Tun yana yaro yana son kallon tsuntsaye da tsirrai. Ya shiga Jami'ar Cambridge a 1932.

Matsalar masana a lokacin ita ce zaren jijiyar mutum siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin gashin kai ba. Ta yaya za a sa abin awo a cikinsa? Sai wani masani mai suna J. Z. Young ya nuna cewa akwai wata dabbar teku da ake kira sikwid, marar ƙashin baya, mai hannuwa goma, wadda take da zaren jijiya mai kauri kusan milimita ɗaya. Mun duba a rula, kamar allurar ɗinki ne. Da wannan jijiyar take tserewa idan ta ga abokin gaba.

A shekarar 1939 Hodgkin ya tafi ɗakin binciken teku na garin Plymouth tare da ɗalibinsa Andrew Huxley, ɗan shekara 21. Suka zura siririn bututun gilashi a cikin jijiyar, suka auna lantarkin da ke ciki. Abin da masana suka yarda da shi a da shi ne, lantarkin yana ƙasa da sifili, idan saƙo ya zo sai ya hau ya tsaya a sifili. Su kuwa suka ga ya wuce sifili ya yi sama. Ba su san dalili ba. Kafin su bincika, sojojin Jamus suka shiga Poland, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Suka rubuta ɗan gajeren rahoto, suka tattara kayansu.

Hodgkin ya yi shekarun yaƙi yana aikin haɗa wa jiragen sama na'urar rada. Sai a 1947 ya koma kan sikwid sosai. Shekara takwas ke nan! Mu hutun zango kaɗai yana sa mu manta lissafi.

Da ya dawo ma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Shi da Bernard Katz, wanda ya gudo daga Jamus a zamanin Hitler, suka nuna cewa sinadarin sodiyam, wanda yake cikin gishirin miya, shi ne yake kutsawa cikin jijiya ya sa lantarkin ya yi sama. Daga nan fotasiyam ya fita waje, komai ya koma daidai. Wurin da ke gaba shi ma ya yi haka, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu da hannu. Dabarar riƙe lantarkin wuri ɗaya don a auna shi kuwa, a wajen Kenneth Cole na Amurka ya ganta, suka zo suka gyara ta.

Inda muka fi tausaya wa Huxley shi ne wajen lissafi. Kwamfutar jami'arsu ana yi mata gyara, don haka da injin lissafi na murzawa da hannu ya yi aikin, mako da makonni. Da ya gama, gudun saƙon da lissafi ya ba shi ya kusa daidai da wanda suka auna a jijiyar dabbar. A 1952 aka buga sakamakon a maƙala biyar.

A 1963 aka ba Hodgkin da Huxley da John Eccles na Ostireliya kyautar Nobel. Sun yi hasashen cewa akwai wasu ƙananan ƙofofi a fatar jijiya, amma ba su gan su ba. Wasu Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, su ne suka auna ƙofa guda ɗaya daga baya, su ma suka sami Nobel a 1991. Allurar kashe zafi da ake yi kafin a cire haƙori, ƙofofin sodiyam ɗin nan take toshewa, shi ya sa saƙon zafi ba ya wucewa.

Hodgkin ya shugabanci Kwalejin Trinity ta Cambridge daga 1978 zuwa 1984. Wanda ya gaje shi a kujerar shi ne tsohon ɗalibinsa Huxley. Ya rasu a Cambridge ranar 20 ga Disamba, 1998, yana da shekara 84.