Shehu Malam Nasiru Kabara da Amanar Gidansa

An haifi Maulana Shehu Muhammad Nasiru Kabara, Allah Ya ƙara masa yarda, a Guringawa. Ya tashi a hannun Malam Ibrahim Natsugune, wanda ya shayar da shi ilmi da tarbiyyar Ƙadiriyya. Ya yi tafsiri a fadar Kano, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya tsara ƙasidun begen Annabi (SAW) da Sidi Abdulƙadir. Ya koma ga Ubangijinsa a 1996.

Ya 'yan'uwa, dattawan da suka zauna gabansa, har a ƙauyukan Bichi da Dambatta, suna ta ƙarewa. Haƙƙi ne a kanmu mu ɗauki shaidarsu a fim tun suna raye, tare da Gidan Ƙadiriyya da littattafansa. Allah Ya ba mu albarkacinsa, amin.